Daga Duba-gari zuwa Masanin Muhalli

Ɗalibin da ke karanta kimiyyar muhalli a jami'a ba ya rasa mai tambayarsa inda zai ci abinci da wannan karatu. Tarihin sana'ar ya nuna cewa doka ce ke buɗe mata ƙofa, dokar kuwa sau tari sai an sha wuya ake yinta. A zamanin Turawa duba-gari ne ke bi gida-gida, yana leƙa randa ko tsutsar sauro ta kama ruwa, yana duba masai da kwata, ya gurfanar da mai ƙazanta gaban alƙali. Malaman daji kuma suna tsaron gandun daji. Ana shakkarsu ne saboda hukuma na bayansu, kuma da ƙarfin hukumar ya ragu sai martabar aikin ta bi shi.

Sana'ar a siffarta ta yau ta soma bunƙasa ne a Amurka, inda aka kafa hukumar kare muhalli a 1970, shekarar da doka ta wajabta nazarin illar manyan ayyukan gwamnati kafin a fara su. Najeriya sai da ta ji jiki tukuna. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a Koko, garin da ke Jihar Delta a yanzu. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta ce ba za a gina babbar masana'anta ko madatsar ruwa ba sai an auna tasirinta ga ƙasa da ruwa da iska. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta biyo baya a 1999, sai NOSDRA mai kula da malalar mai a 2006, da NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a 2007. Kowace doka ta zo da buƙatar mai ɗibar samfurin ruwa da mai gwaji da mai rubuta rahoto.

Za a iya cewa ga hukumomi birjik, amma masu digirin na zaune ba aiki. Wannan gaskiya ne, sai dai matsalar ta rashin zartar da doka ce, aikin kam yana nan. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun ma'adinin a cikin gidaje, kuma sai da ƙwararru daga waje suka zo aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran yankin Ogoni da malalar mai ta gurɓata zai iya ɗaukar shekara 30. Wasu kuma na ganin injiniya ko likita zai wadatar, alhali likita sai guba ta shiga jini yake ganinta, masanin muhalli kuwa tun tana cikin ƙasa yake gano ta. Saboda haka ɗalibin da ya iya gwaji da hannunsa, ya kuma san abin da doka ta tanada, shi za a fara nema duk ranar da hukuma ko bankin da ke ba da bashin aiki ya ce sai an bi ƙa'ida.