Tarihin Birkin Faifai da Sana'ar Gyaransa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin babur zai tarar cewa maƙera sun riga sun ƙware wajen ba shi gudu tun kafin su gano hikimar tsayar da shi, domin kuwa shekaru masu yawa birkin ganga aka dogara da shi, wanda ake ja da waya ko sandar ƙarfe, alhali kuwa illarsa sananniya ce, wato idan ya ɗauki zafi a gangare ƙarfinsa yakan ragu a daidai lokacin da mahayi ya fi bukatarsa.

Asalin birkin faifai daga Ingila yake, inda wani injiniya mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar fasaharsa a birnin Birmingham a shekarar 1902. Sai dai da yake takalman da ya sa na tagulla ne, masu ƙara da saurin cinyewa, al'amarin bai karɓu ba a zamaninsa. Bayan haka Malcolm Loughead na Amurka ya fito da dabarar tura birki da ruwan mai ta cikin tiyo, kuma da aka haɗa hikimomin nan biyu, motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953 da birkin faifai na kamfanin Dunlop. A ɓangaren babur kuwa, a 1962 Lambretta ta Italiya ta sa faifai a ƙafar gaba, ko da yake da waya ake jansa; sa'an nan a 1969 Honda ta Japan ta fitar da CB750, wanda ya yaɗa birkin faifai mai aiki da mai a duniya.

To, a nan ne sana'ar bakanike ta sake fuska, saboda cutar birkin waya a bayyane take, ido yana ganinta, amma cutar birkin mai a ɓoye take, sai mai sanin sababi yake gane ta. Man birki irin wanda aka fi amfani da shi yana da ɗabi'ar shan danshi daga iska, har ma'auni ya nuna cewa nau'in DOT 3, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, yana iya tafasa a 140 idan ya sha ruwa. Wannan danshi, in babur ya daɗe a ajiye, shi ke haifar da tsatsa a jikin fistin da ke matsa takalma a kan faifai, ya kuma tara dauɗa a ramin da zoben robar da ke kewaye da fistin yake zaune. Kuma da yake zoben nan ne ke hana yoyo, shi ne kuma ke janye fistin baya kaɗan idan an saki hannu, lalacewarsa guda takan jawo aibi biyu a lokaci ɗaya, birki ya cije, mai kuma ya zuba. Wani lokaci ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta a tukunyar da ke kan hannu ce ta toshe, ko tsohon tiyo ya ruɓe daga ciki, sai faifai ya yi ta zafi ba tare da an taɓa birki ba.

Daga wannan ne ƙa'idojin gyaran suka samo asali, waɗanda masu gida ke koya wa yaransu: a turo fistin waje da matsin man kansa, kada a cije shi da filaya, a kankare ramin roba a hankali har ya yi fes, a sauya fistin idan tsatsa ta huda shi, a sa sabuwar roba da aka shafa wa man birki, a zubar da takalman da mai ya jiƙa, a ƙarshe a fitar da iska har hannun birki ya yi tauri. Babbar haramiyar sana'ar kuwa ita ce kusantar da fetur, kananzir ko baƙin mai ga robar, domin suna kumbura ta.

A ƙasar Hausa, inda akasarin baburan haya irin su Bajaj Boxer suke da birkin ganga, an fi cin karo da faifai a manyan babura da aka shigo da su na hannu, waɗanda sau da yawa sun riga sun tsufa, ga ƙurar hunturu tana ƙara musu lahani. Saboda haka wajibi ne ƙwararrun da suka san wannan aiki su karantar da na bayansu dalilin kowace ƙa'ida tare da ita kanta ƙa'idar, kuma mai babur ya sabunta man birkinsa duk bayan shekara biyu, domin ran mahayi da na mai tafiya a ƙasa amana ce a wuyan su biyun.