Mitsubishi: Kamfanin da ya girma a inuwar gwamnati

 Na san da na ce Mitsubishi, wasunku Pajero ce za ta faɗo musu a rai. To yau labarin uwar da ta haifi kamfanin motar zan ba ku, wato Mitsubishi Heavy Industries, don sai a 1970 aka cire ɓangaren motoci daga cikinsa.

Wani Bajapane, Iwasaki Yataro, shi ya fara jigilar kaya a teku a 1870. A 1874 gwamnati ta damƙa masa jiragen ruwa ya kai mata sojoji Taiwan, daga nan kasuwa ta buɗe. A 1884 kuma ta ba shi hayar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Nagasaki, bayan shekara uku kamfanin ya saye ta. Kun lura? Tun tashin farko, gwamnati ce babbar mai ciniki.

A Yaƙin Duniya na Biyu, su suka ƙera jirgin saman yaƙin nan Zero, da ƙaton jirgin ruwa Musashi. Amma ribar yaƙi ba ta zuwa kyauta. Ranar 9 ga Agusta 1945 bam ɗin nukiliyar Amurka ya ragargaza masana'antunsu na makamai a Nagasaki. A 1950 aka tsaga kamfanin gida uku, sai 1964 ya sake haɗewa. Har a 2018, Kotun Ƙolin Koriya ta Kudu ta umarce shi ya biya diyyar 'yan ƙasarta da aka sa aikin tilas.

Yau yana ƙera injinan tashar lantarki, rokokin harba tauraron ɗan'adam, da jiragen ƙarƙashin teku. Amma da ya shiga kasuwar jirgin fasinja da SpaceJet, inda kamfanonin jigila ne masu saye, ya kasa samun takardar amincewar hukumar jiragen sama ta Amurka. Bayan ɗage ranar miƙa jirgin har sau shida, a 2023 ya haƙura.

Ni dai abin da na gani, duk sanda Japan ta buɗe bakin aljihun tsaro, Mitsubishi sai ya miƙe. Ga shi tun 2022 ta ƙudiri ninka kasafin sojanta. Shin wannan ƙarfi ne ko jingina? Ku faɗa min ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.