Bambancin Zafi Tsakanin Ɗakin Ƙasa da Bene a Gidajen Hausawan Ibadan: Nazari kan Sabo da Akinyele

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa bene ke ɗaukar zafi yayin da ɗakin ƙasa ke riƙe laima a gida ɗaya, ta kuma nuna cewa toshewar mafitar iska ce tushen matsalar.

Gabatarwa

An kafa unguwar Sabo a 1916. Kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969, fataucin goro da shanu ne suka raya ta, masu gida suna saukar da baƙin fatake. Daga baya Hausawa suka bazu zuwa ƙaramar hukumar Akinyele, mai hedikwata a Moniya, saboda kasuwar Sasa da karar shanu. Gida ɗaya yakan zama masauki da wurin ajiya, shi ya sa ake yawan yanka ɗakuna har wasu su rasa taga.

Tushen Matsalar

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi, mai sanyi kuma ta kwanta ƙasa. A Kanada da arewacin Amurka, inda ake hura iska mai ɗumi ta bututu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa yakan zauna da sanyi, domin na'urar auna zafi tana a hawa na sama, sai ta kashe injin ɗumamawa tun ƙasa bai ɗumama ba. Wani magani da magina ke amfani da shi a can shi ne buɗe kafar da za ta janye iska mai sanyi daga dab da daɓe, tare da rage iska mai ɗumin da ake turawa sama.

Ibadan ba ta buƙatar ɗumama ɗaki, amma ƙa'idar ɗaya ce. A Fabrairu da Maris kwano yakan gasa bene, musamman inda babu silin, har mutane su fito da tabarma baranda da daddare. Ɗakin ƙasa kuwa, da yake daɓensa na manne da ƙasar da zafinta bai cika sauyawa ba, yakan yi sanyi-sanyi, sai dai da damina bango ya yi gumi, fumfuna ta kama bayan katifa da takalman fata. Wannan yanayi alheri ne ga huhun goro, wanda bushewa ke lalatawa. Ga mai asma kuwa cuta ne.

A nan ne dabarar ginin Arewa ke gazawa. Kaurin bangon soro yana aiki a Kano saboda dare na yin sanyi, iska kuma busasshiya ce. A Ibadan tazarar zafin rana da na dare ba ta kai haka ba, ga laima, don haka gudanar iska ta fi kaurin bango muhimmanci. Fanka ma ba ta rage zafin ɗaki; gumin jiki take busarwa, kuma a rufaffen ɗaki iskar nan dai take juyawa.

Shawarwari

Ya kamata kowane ɗaki ya sami kafa biyu: ta shiga a ƙasa, ta fita dab da silin a bangon da ke fuskantarta. A sa silin, a bar huda a ƙarƙashin kwano, a kuma bar saman matakala a buɗe don zafi ya fice. A ra'ayin wannan maƙala, mai gidan da ya sayi na'urar sanyaya ɗaki kafin ya yi waɗannan gyare-gyare, kuɗin man janareta kawai zai ƙara wa kansa.