Binciken Ilimantar da Marasa Lafiya da Ma'aikatan Asibiti: Yadda Ake Yin Sa da Abin da Ya Gano a Najeriya

Binciken ilimantar da marasa lafiya da ma'aikatan asibiti reshe ne na binciken kiwon lafiya da ke gwada ko koyarwa na kawo sauyi a lafiyar jama'a. Kamar yadda ake gwada sabon magani kafin a amince da shi, haka ake gwada laccar da ake yi wa masu juna biyu a ranar awo, da saƙon tunatarwa da ake tura wa mai hawan jini ta wayar salula, da bitar da ake shirya wa ma'aikatan jinya. Abin da masu binciken ke son sani shi ne, bayan an kashe kuɗi da lokaci an koyar, me ya canza a jikin mara lafiya.

Batun na da muhimmanci a Najeriya domin mafi yawan jinyar cututtuka masu daɗewa a gida ake yin ta. Mai ciwon sukari ko hawan jini yakan ga ma'aikacin lafiya na 'yan mintoci a wata, sauran kwanakin kuwa shi ke yanke shawarar shan magani ko barinsa, da yawan gishirin da za a sa a miya, da ranar komawa asibiti. Ga kuma matsalar harshe. Da Turanci ake horar da likitoci, da shi ake rubuta bayanin da ke cikin kwalin magani, alhali ɗimbin marasa lafiya da harshen gida suke fahimtar magana.

Tun a 1978, taron Alma-Ata da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya ya sanya ilimantar da jama'a a sahun gaba na ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ba wannan tsari ƙarfi, har koyar da iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa ya zama sanannen aiki a asibitoci da gidajen rediyo.

Abin da ake aunawa

Masana na raba sakamakon koyarwa zuwa matakai uku. Na farko shi ne sani: shin mutum ya gane cewa hawan jini kan yi ɓarna ko da ba ya jin ciwon kai? Na biyu shi ne aiki: shin yana shan maganinsa kullum, yana kuma zuwa awo? Na uku shi ne lafiyar kanta: shin jininsa ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, ya kuma tsira daga shanyewar ɓarin jiki?

Mataki na farko ya fi sauƙin aunawa, takardar tambayoyi ta wadatar. Shi ya sa aka fi samun binciken da ya tsaya a kansa. Amma kowane mataki yana da nasa shingen. Mutum na iya sanin amfanin magani ya rasa kuɗin saye. Ungozoma na iya sanin yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta duba ta tarar babu allurar a ɗakin magani. Saboda haka darajar bincike na ƙaruwa gwargwadon yadda ya bi sawun koyarwar zuwa mataki na uku.

Hanyoyin gudanar da binciken

Hanya mafi yawa a jami'o'in ƙasar nan ita ce tambayar jama'a sau ɗaya game da abin da suka sani, da ra'ayinsu, da abin da suke aikatawa. Wannan na nuna inda giɓi yake, sai dai ba ya nuna abin da zai cike shi.

Hanya ta biyu ita ce a yi jarrabawa kafin koyarwa, a sake yi bayanta. Rauninta shi ne maki kan tashi a ranar da aka gama darasi, sannan ya sauka bayan 'yan watanni. Haka kuma idan babu wani rukuni da ba a koyar ba da za a kwatanta da shi, ba za a san ko darasin ne ya kawo sauyin ko wani shirin rediyo da kowa ya saurara a lokacin ba.

Hanya mafi ƙarfi ita ce a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a koyar da rukuni ɗaya, ɗayan ya ci gaba da samun kulawar da aka saba. A fannin koyarwa akwai wata wahala ta musamman, domin magana ba ta zama wuri ɗaya. Matar da aka koya wa abu a asibiti za ta faɗa wa maƙwabciyarta kafin magariba. Don kauce wa haka, masu bincike kan jefa ƙuri'ar a kan cibiyoyi ko unguwanni ko ƙungiyoyi sukutum, maimakon a kan mutum ɗaiɗai.

Misalin Abuja: hawan jini a ƙananan asibitoci

A 2020 aka fara wani shirin bincike kan maganin hawan jini a cibiyoyin kiwon lafiya na matakin farko guda 60 a Babban Birnin Tarayya. Jami'ar Abuja ce ta gudanar da shi tare da Jami'ar Northwestern ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Dokta Mark Huffman.

Mafi yawan irin waɗannan cibiyoyi ba su da likita na dindindin. Jami'an kiwon lafiyar al'umma da ma'aikatan jinya ne ke riƙe da su, kuma tun 2014 Gwamnatin Tarayya ke da manufar miƙa musu wasu ayyukan da a da likitoci kaɗai ke yi. Shirin ya horar da su kan auna jini yadda ya kamata da bin ƙa'idar magani mai matakai kaɗan: a fara da amlodipine, idan jini bai sauka ba a haɗa da losartan, daga nan a ƙara ƙarfin maganin, idan abin ya faskara a tura mara lafiya babban asibiti. An kuma buɗe rajistar marasa lafiya domin bin diddigin wanda ya dawo da wanda ya ɓace, aka yi tanadin yadda magani zai riƙa samuwa a cibiyoyin, aka koya wa wasu marasa lafiyar auna jininsu a gida.

Horon bai tsaya a bita ɗaya ba. An yi amfani da tsarin ECHO, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke haɗuwa da ƙwararru ta bidiyo a intanet lokaci zuwa lokaci, su gabatar da matsalolin marasa lafiyar da ke hannunsu a tattauna. Dokta Sanjeev Arora ne ya ƙirƙiro tsarin a 2003 a Jami'ar New Mexico ta Amurka domin maganin ciwon hanta nau'in C. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na marasa lafiya sun warke, ko a hannun ƙwararrun jami'ar ko a hannun ma'aikatan karkara da aka horar ta wannan hanya.

Rahotannin shirin na Abuja sun nuna ƙaruwar masu karɓar magani da kuma waɗanda jininsu ya daidaita. Sai dai da yake an haɗa koyarwa da magani da rajista a lokaci guda, sakamakon na dukkan tsarin ne, ba za a ware kason koyarwa ita kaɗai ba.

Bauchi da Enugu: koyarwa a inda jama'a ke taruwa

A Jihar Bauchi, wani bincike da Dokta Valerie Flax ta Jami'ar North Carolina ta jagoranta, aka wallafa a 2014, ya shiga ta ƙungiyoyin mata masu karɓar ƙananan rance. Ta hanyar ƙuri'a aka zaɓi ƙungiyoyin da za a riƙa yi wa darasin shayarwa a taronsu na wata-wata. Ana tura musu saƙonnin murya da na rubutu a wayar da aka ba kowane ƙaramin rukuni, su kuma matan su mayar da saƙonnin waƙa da wasan kwaikwayo da kansu. Kashi 64 cikin 100 na matan waɗannan ƙungiyoyi sun shayar da nono zalla har wata shida, idan aka kwatanta da kashi 43 a sauran ƙungiyoyin.

A Jihar Enugu kuwa, Dokta Echezona Ezeanolue ya jagoranci wani gwaji a coci-coci 40, wanda aka wallafa a 2015. A rabinsu an shirya wa masu juna biyu liyafa da ta ƙunshi wasan tambayoyi kan lafiya da gwajin jini kyauta a wurin. A ɗaya rabin an shawarce su da su je asibiti kamar yadda aka saba. Kashi 92 cikin 100 na rukunin farko sun yi gwajin ƙwayar cutar ƙanjamau, na biyu kuwa kashi 55.

Binciken biyu sun yi tarayya a abu ɗaya. An kai saƙon wurin da mutane suka riga suka saba taruwa, ta bakin waɗanda suka yarda da su, aka kuma sauƙaƙa aikata abin da aka koya.

Inda sani ya ƙaru amma lafiya ba ta canza ba

Akwai manyan gwaje-gwaje da suka zo da sakamako na daban, kuma darasinsu na da amfani ga masu tsara manufofi. A Jihar Uttar Pradesh ta Indiya, an gwada horar da ma'aikatan ɗakin haihuwa kan bin jerin matakan kariya na Hukumar Lafiya ta Duniya a cibiyoyi 120, rabinsu da horon, rabi babu. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ma'aikatan da aka horar sun fi bin matakan, amma mace-macen iyaye da jarirai bai ragu ba. A Birtaniya, wani gwaji da aka wallafa a 2008 kan darasin rukuni ga sababbin masu ciwon sukari ya samu raguwar ƙiba da shan taba, sai dai ma'aunin sukarin jini bai bambanta sosai da na waɗanda ba a yi wa darasin ba.

Game da ma'aikata, nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa tarukan bita na kawo gyara, amma kaɗan, kuma bitar da ake tattaunawa da gwada aiki da hannu ta fi wadda ake zama ana sauraren lacca kawai. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin Majalisar Kula da Aikin Likitoci ta ƙasa ta wajabta wa likitoci ci gaba da karatun ƙara sani kafin sabunta lasisinsu.

Haƙƙin wanda aka gayyata shiga bincike

Fahimtar da mara lafiya wajibi ne a kan mai bincike tun kafin a fara aiki. Najeriya ta koyi wannan da tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75. Lamarin na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa allurar rigakafin shan inna a jihar a 2003 da 2004.

A 2007 aka fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tabbatar da kwamitin ƙasa mai kula da shi, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja. Dole ne kowane bincike ya samu amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara shi. Wanda aka gayyata yana da haƙƙin a yi masa bayanin manufar binciken da haɗarinsa cikin harshen da yake ji, yana da ikon ƙin shiga ko janyewa a kowane lokaci, kuma hakan ba zai sa a hana shi magani ba.

Abin lura ga mai karatu

Idan aka ji labarin cewa wani shirin wayar da kai ya yi nasara, yana da kyau a tambayi me aka auna, makin jarrabawa ne ko lafiyar mutane. Ko akwai rukunin da aka kwatanta da shi. Da kuma tsawon lokacin da aka bi mutanen bayan darasin.

A ɗakin ganin likita kuwa akwai wata dabara mai sauƙi da masana ke ba da shawara a kanta. Bayan ma'aikacin lafiya ya gama bayani, sai mara lafiya ko mai jinyarsa ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa: sunan maganin, ƙwaya nawa, sau nawa a rana, da alamomin da za su sa a dawo asibiti da gaggawa. Idan akwai kuskure, a nan take za a gyara shi kafin a bar asibitin.