Ƙarin Girma da Sauyin Aiki a Ma'aikatun Gwamnatin Tarayya

Matakan albashi daga 01 zuwa 17 da ma'aikatan gwamnatin Najeriya ke hawa sun samo asali ne daga rahoton hukumar Jerome Udoji na 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon. Abin da jama'a suka riƙe daga rahoton shi ne ƙarin albashi da ariyas. Babban saƙonsa kuwa, wato a auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, bai samu gindin zama ba.

A ƙa'ida, mai digiri yana kama aiki a mataki na 08. Daga 07 zuwa 14 sai ya shekara uku kafin ya cancanci ƙarin girma, daga 15 zuwa sama kuma shekara huɗu, sannan ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Akwai jarrabawa da batun gurbi, amma ƙashin bayan lissafin shekaru ne.

Shi kuwa aiki ba ya jiran shekaru. A dubi mai buga tafireta. Da can kowace wasiƙa sai ta bi ta hannunsa: ya jera farar takarda da kabon, ya buga, in harafi ɗaya ya kuskure ya goge ko ya sake daga farko. Gwanintarsa ce ke fitar da ofis kunya. Da kwamfuta ta shigo, jami'ai suka koma buga takardunsu da kansu, shi kuma aka bar shi da tebur da matakin albashi, ba aikin yi. Direbobi sun fi shi jin jiki, domin bayan tsarin 2003 na mayar da alawus-alawus kuɗi, an sayar da motocin gwamnati, aka sallami da yawansu.

A nan, a ganina, giɓin yake. Tsarin ya san yadda zai ɗaga mutum sama, bai tanadi hanyar mayar da shi wani fanni ba idan nasa ya mutu. Kwalejin ASCON da ke Badagry tana horas da jami'ai tun 1973, sai dai kwas ya fi kaiwa ga manya, alhali na ƙasa ne sauyi ke fara ci.

Yanzu da ake mayar da fayiloli kan kwamfuta, akawun rajista da masinja ne ke kan layi. Wajibi ne ma'aikatu su horas da su tun kafin a rufe ɗakin fayil, kuma a lissafa wannan horon cikin sharuɗɗan ƙarin girma.