Wane ne Ɗan'uwa? Ma'aunan Dangantaka a Fagge da Sabon Garin Kano

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ma'aunai uku na dangantaka, wato jini da shari'a da zaman tare. Ta nuna cewa a Kano zaman tare ne ke mayar da baƙo ɗan gida, sai fa inda hukuma ta gitta masa shinge.

Jini da shari'a

Tun daga aikin Sewall Wright na 1922, masana kimiyyar gadon halitta da lissafi suke auna kusanci. A matsakaici, shaƙiƙai suna tarayya a rabin ƙwayoyin gado, 'yan uba a rubu'i, taubasai a kashi ɗaya cikin takwas. Fiƙihun Malikiyya da Kanawa ke bi ya ɗauki wata hanya daban. Yaro da yarinyar da suka sha nono ɗaya, ko da ba su haɗa jini ba, aure ya haramta a tsakaninsu, kuma ba sa gadon juna. Taubashiya kuwa halal ce, ita ce ma ginshiƙin auren zumunci. Ɗan riƙo ba ya gado, amma a cikin gida ɗa ake kiransa.

Zaman tare

Ana danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), a matsayin zangon fataken Abzinawa a bayan ganuwa. Baƙi ne suka kafa ta. Amma salla a masallaci ɗaya da auratayya da harshen Hausa sun narkar da baƙuntar, har jikokinsu suka zama Kanawa. Haka ta faru ga Yarabawan unguwar Ayagi, da suka zauna cikin birni tun kafin zuwan Turawa.

Sabon Gari ba ta samu wannan dama ba. Turawa sun yanka ta wajajen 1913, bayan isowar layin dogo a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Sun raba ta da ikon Sarki, ba a mayar da ita ƙarƙashin En'e ba sai 1940. Da gangan aka hana cuɗanyar da ta haifar da zumunci a Fagge. A ganin mai wannan nazari, rikicin Mayun 1953 da kashe-kashen 1966 a Kano ba za su fahimtu ba idan aka ajiye wannan rabuwa gefe, kuma bambancin addini kaɗai bai isa bayani ba, domin akwai Yarabawa Musulmi da yawa a Sabon Gari.

Yau Fagge da Sabon Gari suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Fagge. Sai dai tsarin mulkin 1999, a sashe na 318, ya jingina zama ɗan jiha ga asalin iyaye ko kakanni. Saboda haka Ibon da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausa ta kama bakinsa tun yana goye, in ya tashi neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, yawanci sai ya nemo takardar asali daga garin kakansa.