Tarihin Kafuwar Babbar Majami'ar Salisbury

Babbar majami'ar Salisbury, da ke gundumar Wiltshire a kudancin Ingila, ta girmi birnin da take cikinsa. Sai da aka haƙa harsashinta a shekarar 1220 sannan aka yanka unguwanni da filin kasuwa a gefenta, jama'a suka sauko daga tudu suka biyo ta kwari.

Tushenta yana Old Sarum, wani tudu mai ganuwa da ke kimanin kilomita 3 arewa da birnin na yanzu. A 1075 aka ɗauke kujerar bishop daga garin Sherborne aka mai da ita can. Bishop Osmund ya kammala ginin majami'ar farko, aka keɓe ta a 1092, amma kwana biyar kacal bayan bikin hadari ya yi mata ɓarna. An gyara ta, an ƙara mata girma, sai dai wurin bai karɓi malaman cocin ba. Ganuwa ɗaya ta haɗa su da sojojin sarki, zaman kuwa na doya da manja ne, don sai da izinin sojan ƙofa mai ibada ke shiga. Ruwa ya yi ƙaranci a kan tudun, iska na kaɗawa har mawaƙa ba sa jin muryar juna, ga hasken farar ƙasar alli da ke kashe ido. Da wannan kuka suka kai ƙara wurin Fafaroma Honorius na Uku, ya ba su izinin ƙaura a 1218.

Akwai labarin baka da yaran garin ke tasowa da shi, wai daga kan tudun aka harba kibiya da niyyar a yi gini inda ta faɗi, sai ta soki wata barewa, ta yi ta gudu har ta faɗi a bakin kogi. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Bishop Richard Poore ya zaɓi wata fadama mallakar cocin a gaɓar kogin Avon, a yankin da ruwan koguna biyar ke haɗuwa: Avon da Nadder da Wylye da Bourne da Ebble. Waɗanda suka gudo saboda ƙishirwa sai ga su tsakiyar ruwa.

Ranar 28 ga Afrilu, 1220 aka aza tubalin farko. Cikin manyan da suka aza nasu har da William Longespée, ɗan'uwan Sarki John ta wajen uba, da matarsa Ela. Shi ne kuma mutum na farko da aka binne a cikin ginin, a 1226. Wani malamin coci, Elias na Dereham, shi ya kula da aikin. An riƙa jawo farin dutse a keken shanu daga mahaƙar yankin ƙauyen Chilmark, kimanin kilomita 20 yamma, baƙin dutsen ginshiƙai kuma daga Purbeck a gaɓar teku. Cikin shekara 38 aka gama uwar ginin, aka keɓe shi a 1258 a gaban Sarki Henry na Uku. Saurin nan ne ya sa fasalinsa ya zo iri ɗaya daga gaba har baya, saɓanin yawancin manyan majami'un Ingila da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗora musu salo kan salo.

Zurfin harsashin bai fi ƙafa huɗu ba, domin ruwa na kusa. Abin da ke riƙe da ginin shi ne shimfiɗar tsakuwa mai jiƙe da ruwa a ƙarƙashinsa. Har yau akwai ɗan rami a daɓen majami'ar, inda ake ɗage murfi a zura sanda a zaro, a ga inda ruwa ya tsaya. Idan ya yi yawa ambaliya ce, kamar yadda ya malale daɓen a 1915. Idan tsakuwar ta bushe kuma ginin na iya motsawa.

A farkon ƙarni na 14 aka ɗora hasumiya mai tsini wadda tsawonta ya kai mita 123, mafi tsawo a duk majami'un Birtaniya. Ba a tanadi harsashin don ita ba, ga nauyinta ya kai kimanin tan 6,500. Mai tsayawa a gindin manyan ginshiƙai huɗun da ke ɗauke da ita, in ya ɗaga kai, zai ga yadda suka ɗan lanƙwashe. An yi ta ƙara mata tokara da ɗaurin ƙarfe, kuma a 1668 masanin gini Christopher Wren ya auna ta ya tarar ta ɗan karkata, ya ba da shawarar a ƙara ɗaure ta.

Birnin ya bunƙasa tare da ginin. A 1227 sarki ya ba shi takardar 'yancin gari da kasuwa, kasuwar da har yanzu take ci Talata da Asabar. Gadar da Bishop Bingham ya gina a Harnham a 1244 ta karkato fatake zuwa sabon birnin, ta rage wa tsohon garin Wilton ciniki. Old Sarum kuwa ya zama kufai, har duwatsun majami'arsa aka kwaso a ƙarni na 14 aka gina katangar harabar sabuwar. Duk da haka kufan ya ci gaba da aika wakilai biyu majalisar dokoki har zuwa gyaran dokar zaɓe na 1832. Ƙauyukan kewaye ma sun rayu a inuwar hasumiyar: marubucin waƙoƙi George Herbert, limamin Bemerton daga 1630 zuwa rasuwarsa a 1633, yakan tako ta cikin fadama sau biyu a mako don sauraron waƙar ibada.

Yara na da gurbi a tarihin tun daga tushe. Makarantar mawaƙan cocin tana danganta kafuwarta da Osmund a 1091, kuma yanzu a tsohuwar fadar bishop take. Idan sabon yaro ya gama koyo za a shigar da shi sahu, akan kai shi gaban wani dutse a gefen wurin mawaƙa a ɗan gwara kansa a hankali. Yawan kawunan da suka taɓa dutsen har ya yi masa kwarmi. A farkon Disamba kuma, lokacin tunawa da Waliyyi Nikolas, akan naɗa ɗaya daga cikin yaran bishop na wucin gadi, a sa masa alkyabba da hula, ya hau kujera ya yi wa manya huɗuba. A 1991 majami'ar ta kafa ƙungiyar mawaƙa 'yan mata mai zaman kanta, abin da ya buɗe wa sauran manyan majami'un Ingila hanya.

Sauyin addini na zamanin Sarki Henry na Takwas ya mai da ita ƙarƙashin Cocin Ingila, amma da yake ba gidan sufaye ba ce, ba a rushe tsarinta ba. Babbar asara ta zo ne daga masu gyara. Tsakanin 1789 da 1792 James Wyatt ya rushe hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye ita kaɗai a haraba, ya baje maƙabarta, ya cire tsofaffin gilasai masu launi. A ƙarni na 19 George Gilbert Scott ya yi ƙoƙarin maido da wani ɓangare na kamanninta na da.

Daga cikin abin da ya tsira akwai agogon ƙarfe na wajen 1386, wanda ba shi da fuska, sai dai ya buga awa, kuma ana lissafa shi cikin mafi tsufan agogon da ke aiki a duniya. Akwai kuma kwafin Magna Carta, yarjejeniyar 1215 da ta taƙaita ikon sarki. Huɗu ne kawai suka rage daga kwafe-kwafen asali, na Salisbury ne ya fi sauran lafiya, yana nan ajiye a ɗakin taron malaman cocin.